Yadda ake zaɓar wa yaro mai buga besbol jami'a a Amurka

Wannan bayanin na iyaye ne da yayye da kawunnai da suke da yaro a sakandare a Amurka wanda besbol ya shiga ransa. Duk wanda ya zauna a Buronks ta birnin Niyok ya san yadda abin yake farawa, yaranmu suna tasowa cikin 'yan Dominika da Fotoriko, ga filin Yankees nan kan titi na 161, kafin kace me yaro ya fara yawo da safar hannu da sanda, mu kuma iyaye ƙwallon ƙafa muka sani, sai ranar da wani koci ya kira waya yana maganar sikolashif sannan hankali ya tashi. Toh ga yadda ake bin abin daki-daki.

Na farko: ku san matakan da ake da su

Ba jami'a ɗaya bace iri ɗaya. Akwai NCAA, babbar hukumar wasannin jami'o'i, mai rukuni uku, D1 da D2 da D3, akwai wata hukumar NAIA wadda yawanci ƙananan jami'o'i ne masu zaman kansu, sai kuma kwalejojin shekara biyu da ake kira juko, mafi yawansu ƙarƙashin hukumar NJCAA suke. D1 kaɗai makarantu kusan 300 ne ke buga besbol, kuma tsakanin manya irinsu LSU ko Vanderbilt da wata ƙaramar D1 a arewa akwai tazara mai yawa, har zaka samu juko a Fulorida ko Tekzas da zata lallasa wasu D1 ɗin ba tare da wahala ba.

Yara dai D1 kawai suke ji, saboda ita ake nunawa a talabijin, ita ke zuwa Omaha gasar ƙarshe a watan Yuni. Amma alƙaluman NCAA da kanta sun nuna cikin yaran da ke buga besbol a sakandare ko kashi 10 cikin 100 basa samun gurbi a NCAA gaba ɗayanta, balle D1. Albert Pujols daga juko ya fito, Maple Woods, sai a zagaye na 13 aka ɗauke shi a 1999 a diraf, wato zaɓen sabbin 'yan wasa na MLB, babbar gasar ƙwararru. Bryce Harper ma juko yayi, College of Southern Nevada, aka ɗauke shi na ɗaya a 2010. Don haka kada a ɗauki juko a matsayin faɗuwa.

Na biyu: maganar kuɗi, kuma nan ne akafi yaudarar iyaye

Alhaji, Hajiya, ku cire ran cewa besbol zai biya wa yaro komai. Wannan a ƙwallon kwando da ƙwallon Amurka aka saba ganinshi. Shekaru da yawa dokar D1 itace sikolashif 11.7 kacal ga ƙungiyar besbol gaba ɗaya, koci ya zauna ya kasa shi kashi-kashi kamar naman watanda, wannan ya samu kashi 25 cikin 100, wancan 40, wasu kuma su tashi ba ko tsoka. Daga shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 abin ya canza bayan sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA, makarantun da suka shiga tsarin an ƙayyade musu 'yan wasa 34 kuma an yarda su ba kowa tallafi in sun ga dama. Amma yarda daban, kuɗin bayarwa daban. Manyan makarantun SEC da ACC, wato manyan gasanni biyu na D1, su ne ke da aljihun, sauran da yawa har yanzu ɗan abinda suke da shi suke rabawa. Kuma rage yawan 'yan wasa zuwa 34 ya sa gurbin ya ƙara matsewa.

D2 iyakarsu 9, NAIA 12, juko rukunin farko na NJCAA har 24. D3 basa bada sikolashif na wasa kwata-kwata, haka ma Ivy League irinsu Harvard da Columbia duk da D1 suke. Sai dai wannan ba yana nufin ba kuɗi ba, suna bayarwa ta hanyar maki da kuma duba ƙarfin gida, kuma sau da yawa yaro mai GPA, wato matsakaicin maki, mai kyau daga gidan da baban tasi yake ja zai samu abinda yafi na wasan yawa a irin waɗannan makarantu.

Abinda zaku lissafa shine nawa ya rage mu biya, ba kashi nawa aka bamu ba. Misali kawai: makaranta mai zaman kanta tana cin dala 60,000 a shekara, koci yace ya baku kashi 40, kunji daɗi an sanar wa dangi, amma saura 36,000 a kanku. Ga ta jiha kuma kuɗinta duka 25,000 ga ɗan jihar, ko sisi basu bayar ba amma tafi sauƙi da 11,000. Sannan ku tambaya kashi 40 ɗin na menene, kuɗin karatu kaɗai ko har da ɗaki da abinci da littattafai, domin bambancin ba kaɗan bane.

Ku cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, in yaron ɗan ƙasa ne ko yana da girin kad, ta nan ake samun Pell Grant wanda ba bashi bane, mafi yawansa a 'yan shekarun nan dala 7,395 a shekara. Kowace jami'a kuma tana da kalkuletan ƙiyasin kuɗi a shafinta na intanet, ku saka abinda gida ke samu ku ga ƙiyasi kafin ma ku ɗaga waya. Takardar tallafin da zasu turo sukan cusa bashi a ciki kamar kyauta ne, ku karanta layi-layi, musamman wanda baya son harka da kuɗin ruwa.

Na uku: takardun makaranta tun daga aji 9

Wannan bazai jira aji 12 ba. Mai son D1 ko D2 dole yayi rajista da NCAA Eligibility Center, kuma ana buƙatar manyan darussa 16 da suka amince da su. A D1 Turanci shekara 4, lissafi shekara 3 daga Algebra 1 zuwa sama, kimiyya shekara 2, da sauransu, kuma 10 daga cikin 16 ɗin sai an gama su kafin shiga aji 12. Mafi ƙarancin GPA a waɗannan darussa 2.3 ne a D1, 2.2 a D2. Tun 2023 NCAA ta daina neman jarrabawar SAT ko ACT, amma ita jami'ar tana iya nema nata daban. Ku je wajen kansilan makarantar yaron ku ce a nuna muku jerin darussan da NCAA ta amince da su a wannan makarantar, saboda ba kowane darasi ake ƙirgawa ba. NAIA nada nata wurin rajistar daban.

2.3 ɗin nan na tsallake siraɗi ne kawai. Koci yafi son yaro mai 3.5 saboda ofishin makaranta zai bashi tallafin maki, shi kuma kocin ya adana nasa kuɗin ya ba wani.

Na huɗu: ku san gaskiyar matsayin yaro

Kowane uba gani yake ɗansa yafi kowa, amma kococi lamba suke kallo. Gudun yadi 60, ana son ƙasa da sakan 7, masu tsaron bayan fili da tsakiya ma ana son ƙasa da haka. Mai jifa na hannun dama da ke son babbar D1 yawanci sai jifansa na kaiwa mil 88 zuwa 90 da wani abu a awa, bahago ana ɗan sassauta masa saboda basu da yawa. Mai tsugunawa bayan mai bugu ana auna lokacin da ƙwallo ke ɗauka daga hannunsa zuwa tasha ta biyu, wajen sakan 2 ake nema. Ba doka bace a rubuce, amma da wannan ma'aunin ake fara tace yara.

Ku samu wani koci wanda baya cin ko kwabo a wajenku, ku ce ya faɗa muku tsakani da Allah wane mataki yaron zai iya bugawa yau, ba wai in ya ƙara tsayi ba. Masu shirya wasannin baje koli irinsu Perfect Game da Prep Baseball suna da amfani wajen samun lambobi da kowa ya yarda da su, amma kasuwanci ne, kuma zuwa da yaron da bai shirya ba asarar kuɗi ne har da rubuta masa lamba mara kyau a intanet. Wanda aljihunsa bai kai ba ya nemi shirin RBI na MLB, tun 1989 ake yinsa domin yaran cikin gari.

Daga nan sai ku rubuta jerin makarantu, kaɗan da suka ɗan fi ƙarfinsa, da yawa daidai shi, wasu kuma da kun tabbata zasu karɓe shi hannu bibbiyu.

Na biyar: ku karanta jerin 'yan wasan makarantar

Wannan matakin kyauta ne kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Ku shiga shafin wasanni na makarantar ku buɗe rosta, wato jerin 'yan wasan. In yaronku shotstof ne, wato mai tsaro tsakanin tasha ta biyu da ta uku, ku ƙirga mutum nawa ke wannan gurbin kuma aji nawa suke. In akwai ɗan shekarar farko da ya riga ya kama wurin yana bugawa kullum, toh ku sani naku zai iya shafe shekara biyu ko uku a benci. Ku duba mutum nawa suka zo daga juko ko daga wata jami'a, domin tunda aka buɗe fotal na canjin makaranta a 2018 kococi da yawa sun gwammace su ɗauko ɗan shekara 21 da ya riga ya goge akan su raini ɗan 18. Ku buɗe alƙaluman bara ku ga sabbin shiga sau nawa aka basu sanda, masu jifa kuma zango nawa suka jefa. Sannan abinda nafi so, ku nemo rostan shekara biyu ko uku da suka wuce, ku ɗauki sunayen sabbin shiga na lokacin ku ga nawa ne har yanzu suke nan. In an ɗauki yara goma sha biyar saura uku, ba sai wani ya faɗa muku halin kocin ba.

Akwai makarantun da ke tara yara fiye da gurbin da suke da shi a zangon farko, a yi atisaye watan Satumba da Oktoba, sai a sallami wasu kafin kakar wasa ta fara a Fabrairu, yaro ya riga ya biya kuɗi ya tare a ɗaki. Wanda aka ce ya zo ba tallafi, wato wok-on, shi aka fi yi wa haka. Ku tambaya ƙarara ko gurbinsa tabbatacce ne har bazara.

A besbol wanda baya bugawa baya gogewa, kuma masu farautar 'yan wasa basa kallon benci. Aaron Judge a Fresno State yayi, Jacob deGrom a Stetson, kuma shi shotstof ne ma a can kafin a mayar da shi mai jifa. Stony Brook ta nan jihar Niyok ta kai Omaha a 2012, Coastal Carolina ta ɗauki kofin a 2016. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Na shida: tuntuɓar kococi

Yaron ne zai rubuta imel da kansa, ba baba ba, kococi na lura da wannan. Gajere: sunansa, shekarar gamawa, gurbin da yake bugawa, tsayi da nauyi, GPA, lambobinsa, lambar wayar kocinsa, jadawalin wasanninsa, da bidiyo na minti biyu zuwa uku ba kiɗa ba ado. A tura wa mataimakin koci mai kula da ɗaukar yara, kuma a saka jimla ɗaya da ke nuna an san makarantar, kada a tura saƙo ɗaya ga mutum hamsin har a manta ba'a canza sunan ba.

In kocin D1 bai amsa ba kada a karaya da wuri, doka ce ta hana. Tun 2023 basa iya magana da yaro sai 1 ga Agusta kafin ya shiga aji 11, ziyara kuma daga 1 ga Satumba. D2 da D3 da NAIA da juko sun fi sassauci kuma sukan ɗauki yara har cikin aji 12. Gayyatar kamf, wato sansanin horo, da ake turowa kowa ba alamar ana son yaro bace, hanyar tara kuɗi ce, wanda ke sonsa da gaske zai kira waya ya kuma kira kocinsa.

Na bakwai: ziyara, domin gani ya kori ji

Ku je da ƙafarku, in da hali ranar da ake karatu. Ku kalli atisaye, ku ga yadda koci ke yi wa yaron da yayi kuskure magana. Yaron ya keɓe da 'yan wasan, musamman waɗanda basa samun bugawa, su ne zasu faɗi gaskiya.

Ga kocin kuma ku tambaye shi: a ina kake ganin yarona a shekarar farko, mutum nawa ka ɗauka a gurbinsa bana, in yaji ciwo tallafin zai ci gaba, waye ke biyan kuɗin tiyata da gashin ƙashi, ina kake tura yara buga wasan bazara, akwai kwas ɗin da baka yarda 'yan wasanka su karanta ba. Wannan ta ƙarshen ku dage a kanta. D1 wasa 56 suke bugawa daga tsakiyar Fabrairu zuwa Mayu, D2 50, D3 40, yawanci Juma'a da Asabar da Lahadi sai ɗaya a tsakiyar mako, in wasan waje ne tun Alhamis an hau mota. A takarda awa 20 ne a mako, amma ba'a ƙirga tafiya a ciki. Yaron da ke son injiniya ko nas ko hanyar likita yana da lab, wato darasin ɗakin gwaji, da rana daidai lokacin atisaye, wasu wuraren sai a lallaɓa shi ya koma kwas mai sauƙi. Ku nemi a nuna muku ɗan wasa ko ɗaya da ke karanta abinda naku yake so. A wannan fannin D3 tafi sauƙin haɗa biyun.

Yanayi ma abin dubawa ne. Makarantun arewa irinsu Fordham da St. John's sukan yi makonnin farko na kaka suna tafiya kudu saboda sanyi da ƙanƙara, ga darasi na wucewa, na kudu kuma suna gida abinsu.

Sai namu na addini wanda ba wani kocin da zai ɗago muku shi in baku ɗago ba. Azumi a shekarun nan yana faɗowa ne a farkon kakar wasa, na 2025 a Maris aka yi, kuma duk shekara yana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya, don haka yaro zai haɗa azumi da atisaye da tafiye-tafiye. Ku tambaya ko ɗakin cin abinci na tanadar sahur da buɗa baki, akwai abincin halal, akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSA, masallacin Juma'a nisansa nawa. Wasannin Juma'a galibi da yamma ne amma ana taruwa tun da rana, ku ji ta bakin kocin ko zai bar shi yaje sallah ya dawo. Yadda fuskarsa ta yi lokacin da kuka tambaya ma amsa ce. Wasu juko suna can cikin ƙauye a Kansas ko Oklahoma inda sai anyi tafiya mai nisa kafin a ga masallaci, yaron da bai taɓa barin gida ba a yi tunani.

Na takwas: tambayar da zata raba gardama

Idan makarantu sun rage biyu ko uku, ku zaunar da yaron ku tambaye shi, in gobe hannunka ya lalace ko koci ya sallame ka, wacce daga ciki zaka yarda ka zauna ka gama digiri, kuma wacce zamu iya biya ba tare da kuɗin wasa ba. Ba fata ake ba, Allah ya tsare, amma ciwon gwiwar hannu ya zama ruwan dare a masu jifa, aikin Tommy John da ake yi musu yana cin shekara guda zuwa shekara da rabi kafin a dawo, wasu basa dawowa yadda suke. Kococi kuma suna canja aiki, wanda ya zo har falo ya sha shayi yana muku alƙawari zai iya tafiya kafin yaro ya sauke jaka, sabon da ya zo kuma da nasa yaran zai zo. Makarantar da ta ci wannan tambayar ita nake ba shawarar a ɗauka ko da sunanta bai kai na ɗayar ba.

Na tara: sa hannu

Alƙawarin baki da yara ke sakawa a Instagram baya ɗaure kowa, koci na iya janyewa, yaro ma haka. Abinda ke ɗaurewa shine takardar tallafi a rubuce, ana fara sa hannu a watan Nuwamba na aji 12. Tsohuwar takardar alƙawari ta NLI an soke ta a D1 tun Oktoban 2024. Ku duba na shekara ɗaya ne ko na shekaru, domin da yawa duk shekara ake sabuntawa, kuma a NCAA dole su sanar da ku a rubuce kafin 1 ga Yuli in zasu rage ko su cire, kuna da damar ɗaukaka ƙara a cikin makarantar. In koci yace ku bada amsa cikin kwana biyu ko ya ba wani, ku nemi ƙarin lokaci ku ga takardar kuɗin tukunna.

Wanda ya zaɓi juko ya tabbatar darussan da zai ɗauka jami'ar gaba zata karɓe su, kuma ya tambayi kocin yaransa na bara ina da ina suka wuce. Amfanin juko shine arha, da bugawa tun shekarar farko, kuma ana iya ɗaukarsa a diraf na MLB bayan shekara ɗaya ko biyu, alhali wanda ya shiga jami'ar shekara huɗu sai ya gama shekara ta uku ko ya cika 21. Diraf ɗin ma tun 2021 zagaye 20 ne, da 40 ne. In Allah yasa an kira sunan yaro tun daga sakandare, ku auna kuɗin da kyau, Judge ɗin nan Oakland ta ɗauke shi a zagaye na 31 a 2010 yaƙi, ya tafi jami'a, a 2013 Yankees suka ɗauke shi a zagayen farko. In kuma za'a sa hannun, a nemi ƙungiyar ta rubuta kuɗin karatun jami'a cikin kwantiragin, tsarin yana nan.

Ga yaron da ke gida Afirka

Hanyar tana da tsauri amma ba'a rufe take ba, Yuganda ta kai yara gasar ƙananan yara ta Little League ta duniya a 2012, Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya buga wa Pittsburgh a 2017. Juko da NAIA ne ƙofar da tafi kusa. Babu FAFSA babu Pell, sai an nuna shaidar kuɗi kafin makaranta ta bada I-20, takardar da ake neman biza da ita, sai kuɗin SEVIS na rajistar ɗaliban waje dala 350, sai bizar F-1, ita kuma bizar bata yarda ɗalibi ya riƙa karɓar kuɗin talla na NIL yadda 'yan ƙasa ke yi ba. A 2025 Amurka ta saka takunkumin shiga kan ƙasashe da dama ciki har da Chadi da Sudan, don haka a fara duba shafin ofishin jakadanci kafin a kashe ko sisi. Duk ejen da yace a biya shi zai samo cikakken sikolashif na besbol a gudu, imel ɗin kococi yana nan kyauta a shafin kowace makaranta.

Ko da an samu koci ya nuna yana so, yaron ya cike fom na CUNY ko SUNY, jami'o'in gwamnati na Niyok, ko jami'ar jihar da kuke a matsayin ɗalibi kawai, akan lokaci, kada a jira. Yawancin jami'o'i 1 ga Mayu ne ranar ƙarshe ta biyan kuɗin kama gurbi, in maganar koci ta wargaje a Afrilu akwai inda za'a nufa, kuma Lehman da ke nan Buronks ma tana da ƙungiyar besbol a D3.